Sunan da ke ƙarƙashin ƙafar dodo

Duk wanda ya san kasuwar tsofaffin kayan wasa ta Nakano ya san Mitsugu Obinata, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan gajeren mutumin nan mai hular saƙa da ke shigowa kowace Lahadi, ya gaida mai kanti, ya roƙa a buɗe masa gilashi, ya ɗauki dodon roba ya kifa shi, ya leƙa tafin ƙafarsa, sannan ya mayar da shi daidai yadda ya same shi. Fuskar dodo ba ta dame shi ba, haƙora da fenti duk ba ya kallo. Ƙafa kawai. Masu kantuna suka sa masa suna Likitan Ƙafa, shi kuma ya amsa, don tun yana ƙarami bai iya musu ba.

A unguwar Tateishi aka haife shi, a bayan wata 'yar masana'anta da ake narka roba, a zuba a tukwanen tagulla, a zaro dodanni da zafinsu. Lokacin dodannin silima ne ke tashe, manyan nan da ke ɓullowa daga teku su tattake gari, kuma kowane yaro yana son nasa na roba. Innarsu Kinue aikinta fenti ne. Tun safe take zama tana fesa musu ruwan azurfa a ciki, ja a baki, har yatsunta suka daina wankuwa. Yayarsa Tokie, wadda ta girme shi da shekara bakwai, ita ke cusa su a leda tana liƙewa.

Yana shekara shida Inna ta kawo masa ɗaya. Kore ne, mai ƙaho guda a goshi da wutsiya mai ƙaya, yara suna ce masa Mai Ƙaho Ɗaya. An yi dubbansa, babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Yaran unguwa kuwa da dodanninsu suke zuwa gidan wanka na jama'a, su zuba su cikin ruwan zafi su yi ta faɗa, lokacin fita a rasa na wane ne wanne, a koma gida da kuka. Shi ya sa kowace uwa ke rubuta sunan ɗanta a tafin ƙafar dodo da baƙar tawada mai kauri. Inna ma ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora dodon a cinya, ta rubuta haruffa uku, don a rubutunsu kowace gaɓa harafi ɗaya ce, mi da tsu da gu, ta hura ta bushe, ta miƙa masa.

Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya tafi da ita. Babansu direban babbar mota ne, mutum mara magana, ya kasa kallon kayanta. Wata rana Mitsugu yana makaranta, Tokie tana wajen aiki, ya kira mai sayen tarkace ya kwashe komai na ɗakin, har da kwandon kayan wasa da ke gindin akwatinta. Kinue ba mai rubuta wasiƙa ba ce. Hotonta ɗaya ne, na ma'aikata, kuma a ciki ta juya kai. Mitsugu ya dawo ya tarar da ɗaki fayau. Bai yi kuka ba, ya dai tsaya yana kallon tabarma.

Ya girma ya samu aikin wanke taragon jirgin ƙasa, kuma ya iya aikin sosai, tagar da ya goge sai ka ɗauka babu gilashi. Yana shekara talatin ruwan sama ya kora shi cikin wani bene a Nakano, ya yi ta hawa yana jiran a ɗauke, sai ga shi gaban wani kanti da bai fi girman kicin ba. A cikin gilashi ga Mai Ƙaho Ɗaya yana tsaye. Ya roƙa a ba shi ya gani, hannunsa ya kifa dodon tun kafin ya yi tunani. Akwai rubutu a ƙafar. Yutaka. Wani yaro ne da bai taɓa sani ba, amma tawadar na nan baƙi wuluk bayan shekara ashirin da wani abu.

A jirgin komawa gida abu ɗaya yake ta juyawa. In na Yutaka ya tsira, nasa ma yana iya tsira. Yana can wani wuri, a kwali ko a gilashi, da rubutun hannun Inna a ƙafarsa, kuma shi ne kaɗai abin da ta rubuta da ya rage a duniya.

Tokie kaɗai ya faɗa wa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ƙato da kai za ka bi gari kana shinshina ƙafar roba. Da ta ga bai yi dariya ba sai ta ƙara masa shinkafa. Daga ranar ya ƙudura ba zai sake gaya wa kowa ba. Namiji mai shekara talatin ya tsaya gaban mutane ya ce rubutun innarsa yake nema, kunyar ta yi masa yawa.

Mai wannan kantin sunansa Hozumi, dogo ne siriri mai bakin tsiya, sigari ba ya barin leɓensa. Shi ya fara kiransa Likita. Shekarar farko yana zaune yana kallon Mitsugu ya kifa dodo, ya ga sunan wani, ya sauke ajiyar zuciya, ya mayar. Da Mitsugu ya samu ƙarfin hali ya roƙe shi duk Mai Ƙaho Ɗayan da ya shigo ya ajiye masa kafin kowa ya gani, Hozumi ya busa hayaƙi sama ya ce an gama, ai ya riga ya gane irin abin da Likita ke so.

Ya kuwa cika alkawari. Wata biyar, wata shida, sai ya ɗaga labulen ɗakin baya ya fito da ɗaya a naɗe cikin tawul, ya ajiye a gaban Mitsugu yana murmushi kamar mai ba da amarya. Mitsugu ya kifa. Ƙafa fes, babu ko ɗigo. Na gaba ma haka. Ya ɗauka rashin sa'a ce kawai, 'ya'yan masu hali ne da ke wanka a gida. To mutum ya ajiye maka abu musamman, ya hana wasu, ba ka ce masa kullum ba ka so. Sai ya riƙa sayen ɗaya cikin uku don kunya, sauran ya sunkuyar da kai ya ce wannan karon a yi masa haƙuri. Hozumi ya ce Likita akwai wuyar gamsarwa, ya mayar da su gilashi, kafin mako ya zagayo an saye.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Hutunsa duk a kasuwannin tsofaffin kaya ya ƙare, Osaka, Sendai, har ƙauyukan da jirgi ke zuwa sau biyu a rana. Ya karanta sunayen yara ɗaruruwa. Ya zama gwani ba tare da ya nema ba. Yana shinshina roba ya gaya maka zubin farko ne ko na baya, ya kalli fenti ya ce wannan fesawar Tateishi ce, hannun mace. Manyan masu tara dodanni, masu motoci, sukan tsaya su jira shi ya iso ya duba musu kafin su saya. Ƙanen Tokie fa, mai wanke tarago.

An yi wata Fumiyo mai zuba abinci a wurin aikinsu, tana ƙara masa kifi ba tare da ya roƙa ba. Sau ɗaya ta zo ɗakinsa. Ta tarar da dodo kore goma sha huɗu a jere a kan wani katako a bango, duk iri ɗaya, duk suna kallonta. Ta tambaye shi me ya sa iri ɗaya, ya ce haka nan. Ta jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Ta sha shayinta ta tafi, bayan shekara ta auri wani ma'aikacin da ke ba jiragen ƙasa hannu.

Tokie ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya mutu, 'ya'yan suka watse. Duk Asabar takan kawo masa dafaffiyar kabewa da gasasshen kifi, ta tsaya a ƙofa tana gaida dodannin, ta tambaye su ko sun ba ƙanenta abinci. Shekara da shekaru tana roƙonsa ya zo gidanta ran Lahadi su ci tare kamar mutane, yana ce mata Lahadi yana da wurin zuwa.

"Yaya, na gaba ne," haka yake cewa. "Ina ji a jikina."

"Jikin naka tun kana da gashi yake ji."

Yana shekara sittin da biyu Hozumi ya ce zai rufe kanti, gwiwoyi sun ƙi hawa bene. Lahadin ƙarshe da rana, kantin duk kwalaye, ya ce wa Mitsugu ya shigo ciki su sha shayi, shekara talatin da biyu bai taɓa ganin bayan labulen nan ba. Ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya, yana warin tina irin ta masu fenti. A kan tebur ga kwalba, ga auduga, ga Mai Ƙaho Ɗaya a kife cikin tawul, ƙafafunsa sama. Hozumi ya ce wannan kyautar sallama ce, ya so ya gama shi jiya ya naɗe, hannu ne ya yi masa rawa. Ya tsoma auduga a kwalba ya ci gaba da gogawa yana surutu. A tafin ƙafar saura harafi ɗaya da rabi, sauran ya zama baƙin dabbare.

Mitsugu ya tambaye shi me yake yi.

"Abin da na saba yi maka mana, Likita. Kai da ba ka son ƙazamar ƙafa. Tun shekarar farko na lura da kai, kana ganin suna kake ɓata rai ka ajiye. Na ce wannan mutum ya san kaya, ba zan kai masa gurgu ba."

A wajen masu tara dodanni suna a ƙafa aibi ne, dodo mai suna rabin dodo ne, kowa ya san haka. Mitsugu ma ya sani. Ya san wasu 'yan kasuwa suna gogewa. Abin da bai taɓa zo masa ba shi ne nasa, waɗanda ake ajiye masa, a goge suke zuwa, kuma don a faranta masa.

Ya zauna a kan kwali. Can ya ce, "Maigida, suna nake nema. Nawa. Innata ce ta rubuta."

Hozumi ya tsaya da auduga a hannu. Da ya buɗe baki faɗa ya fara, ya ce shekara talatin da biyu, kana shan shayina, bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa ba? Kalma ɗaya fa. Sai faɗan ya mutu a hanya, ya cire tabarau ya shafa fuska. Mitsugu ya tambaye shi ko yana tuna sunayen. Ya ce ina, wa ke karantawa, kai kana karanta abin da fasinja suka rubuta a tagar jirgi kafin ka goge? Mai Ƙaho Ɗaya wajen saba'in ne suka bi ta hannunsa, fiye da rabi da suna. Waɗanda Mitsugu ya ƙi saya baƙi suka kwashe, wasu Amurka, wasu Hong Kong, bai san sunan ko mutum ɗaya ba.

Mitsugu ya ɗauki na kan tebur ya duba abin da ya rage. Harafin ƙarshe ba gu ba ne. Ya ajiye.

Kafin ya fita Hozumi ya riƙe masa hannun riga. Ya ce tawada tana shiga cikin roba, ko an goge sama wani lokaci inuwarta na nan, ana ganinta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi. Yana da ɗaya. Nawa ne a ɗakin Likita? Mitsugu ya ce ashirin da uku.

Ranar Laraba da azahar Hozumi ya hau matakalar gidan da sanda, yana zagin kowace taka. Tokie ta riga shi zuwa, don Mitsugu ya kira ta, abin da bai saba ba. Ta ga tsohon ta ce a'a, kai ne mai gogewar, ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, Uwargida. Suka rufe labule, suka toshe taga da bargo, suka kwantar da dodannin a tabarma ƙafafu waje ɗaya. Hozumi ke riƙe da fitila, Mitsugu ke ɗauka.

Tara ba su nuna komai ba, dama ba a taɓa rubuta musu ba. Sauran sai ga inuwa tana tasowa a cikin shuɗin hasken, launin toka, kamar tabon shayi a riga. Wasu suna karantuwa. Hideo. Osamu. Wani har da ajinsu a makaranta. Mitsugu yana karantawa a hankali yana turawa gefe. Wasu kuma an dirje su sosai, ba abin da ya rage sai gajimare, amma ana iya ƙirga wurin haruffan, wannan biyu, wannan huɗu, ba nasa ba. Hozumi ya ce waɗannan na farkon zamani ne, lokacin yana da ƙarfi.

Aka ƙare da biyu. Kowanne dabbare uku ne a jere, babu harafin da za ka rantse a kansa. Mitsugu ya kai ido har hancinsa na taɓa roba, ya juya su, ya nisantar, ya kusantar. A ɗaya yana ganin kamar lanƙwasar tsu a tsakiya, in ya ƙifta ido ta tafi. Hozumi ya ce sunaye masu harafi uku sun fi yashi yawa, shi kansa uku ne, sai ya ga bai kamata ya faɗa ba. Ɗaya rubutun a ƙafar hagu yake, ɗaya a ta dama.

Mitsugu ya juya wajen yayarsa. "Yaya, kina wurin ranar. Wace ƙafa ta rubuta?"

Tokie ta so ƙwarai ta ce hagu, ko ta ce dama, ta huta shi ma ya huta. Ta buɗe baki, ta ga yadda yake kallonta, ta san ko me ta ce zai riƙe har mutuwa.

"Ban sani ba, Mitsugu. Wake nake gyarawa, bayana na ba ku."

"Ni ma na daɗe ina cewa dama ce," ya ce. "Yanzu in na rufe ido sai in ga hagu."

Hozumi ya kashe fitilar ya ajiye ta a tabarma, ya ce ya bar masa. Ya ce yana iya yiwuwa ma nasa bai taɓa biyowa ta Nakano ba, yana can wani gari lafiya lau da sunansa. Mitsugu ya ce haka ne, yana iya yiwuwa. Su biyun babu wanda ya kalli ɗan'uwansa. Tokie ta yaye bargo daga taga, ta ɗora ruwan shayi, tsohon ya ƙi tsayawa, ya sauka da sandarsa ba zagi ko ɗaya.

Tun daga nan Mitsugu bai sake zuwa Nakano ba. Masu kantuna sun yi ta tambaya ina Likita, wasu suka ce ya mutu. Ya rabar da dodo ashirin da ɗaya, ya bar biyu. Da wa'adin hayar ɗakinsa ya ƙare Tokie ta ce ya dawo gidanta, ɗakin yaran ba kowa, wannan karon bai ce yana da wurin zuwa ba, ya ce to.

Tokie kuwa murna ba a magana. Ta wanke labule, ta sayi kwanon shinkafa sabo mai zanen kifi, ta bi maƙwabta gida gida tana gaya musu ƙanenta ya dawo, gwanin nan da masu motoci ke jira a Nakano. Kullum sau uku take dafawa, yana ci yana cewa ya yi daɗi, har ya ɗan yi kumatu. Ran Lahadi suna ci tare kamar mutane. Tagogin gidan kuwa yanzu sai ka ɗauka babu gilashi.

Bayan abincin rana yakan shiga ɗaki ya ja ƙofa. Tana jin ƙarar labule, sai ɗan ƙas na fitila. Ba ya daɗewa, minti goma ne ko sha biyar. Wata rana ya fito ta tambaye shi ko yau ya ga wani abu. Ya ce inuwar raguwa take yi, hasken ne ke cinye ta, kowane dubawa tana ƙara dusashewa. Ta ce to ya daina dubawa mana. Ya ce eh, zai daina. Ya tambaye ta ko shagon kan kwana suna sayar da ƙananan batura.